Ranar da Latif Ya Yanke Igiyar Baba

"Nafissa! Kin ga abin da ke yawo a gurup?"

Muryar Zuhura ce a waya, maƙwabciyarmu ta bene na sama, tana haki kamar wadda aka koro.

"Mene ne?"

"Jirgi ya kife a tabki... wai na Latif ne!"

Ludayin da ke hannuna ya suɓuce ya faɗi ƙasa.

Na buɗe bidiyon. Ruwa baƙi ƙirin, iska na ta dukansa, ga wani farin jirgi ya juya ciki sama. Ba a ganin kowa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Mama ta fito daga ɗaki da gudu. "Ke, lafiya?"

Na miƙa mata wayar. Tana gani ta zube a kujera, ta ɗora hannu a ka.

Don ba Latif kaɗai ne a jirgin nan ba. Har da Babana.

Latif ɗan zangon Kumasi ne, a unguwar Morris Heights ta Bronx yake zaune. Da sanyi motar kai kaya yake ja. Idan zafi ya shigo kuwa, sai ya riƙa kwasar iyalai daga Bronx a doguwar motarsa, ya kai su wani tabki can arewa inda yake ajiye jirginsa, ya koya musu fatsa. Uba da uwa da yara, kowa da rigar ceto a jikinsa. Kifi biyu suke nema: wolai mai ido kamar gilashi, da faik mai dogon baki cike da haƙora.

A shagon Baba na titin Grand Concourse muka haɗu. Yaji ya zo saya na gashin kifi, ni kuma ina tsare da kanta. Ya dawo washegari, ya sake dawowa, har na tambaye shi ko yajin yake sha da shayi.

Ya yi dariya ya ce, "Mai sayar da yajin nake nema."

Ranar da ya turo kawunsa neman aurena, Baba ko gama jin bayani bai yi ba.

"Ba na ba wa mutumin ruwa 'yata."

Na yi kuka, Mama ta roƙa, bai faɗi dalili ba. Baba, Alhaji Oumarou, haifaffen Gaya ne a bakin kogin Kwara, amma tunda na buɗe ido ban taɓa ganin ya kusanci ruwa ba. Ko gada za mu hau, runtse ido yake yi.

Ana cikin haka Zuhura ta ƙara wa wutar fetur. Ta daɗe da sa ido a kan Latif, shi kuwa gaisuwa kawai ke haɗa su. Ta je har shago ta nuna wa Baba hoton Latif a jirgi, wata budurwa ta jingina da kafaɗarsa suna dariya.

"Baba, ba kifi kaɗai ake kamawa a jirgin nan ba," in ji ta.

Na rantse masa ƙanwar Latif ce, bai yarda ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Zan je in gani da idona."

Shi ne yau da asuba ya bi motar, tare da wasu iyalai biyu da yaransu.

Na kira wayar Latif, a kashe. Na kira ta Baba, a kashe.

Mama ta shimfiɗa darduma tana jan carbi, ni kuma ina ta zagaye falo ina kuka. Ni na jawo! Da ban nace ba, da yanzu Baba yana shagonsa yana sauraron rediyo.

Sai wayata ta ɗauki ƙara. Baƙuwar lamba.

"Alo...?"

"Nafi tawa."

Na durƙushe a tsakiyar falo.

"Latif! Latif, kai ne? Kana raye?"

"Ikon Allah! Me zai kashe ni?"

"An ce jirginka ya kife! Ga bidiyo nan ko'ina!"

"Wane jirgi? Nawa ga shi can a ɗaure ina kallonsa. Guguwa ce ta ɗauke sabis, da wayar shagon bakin tabki nake kiranki. Rabin raina, daina kuka, kowa lafiya lau. Yara ma ga su can suna cin kifi."

"Baba fa?"

Mama ta matso ta manna kunnenta a wayar.

"Baba yana nan garau. Sai dai..." Ya ja numfashi. "Ba ya yi mini magana."

"Me ka yi masa?"

"Igiyarsa na yanke."

Ban gane ba, kuma ban damu in gane ba. Na rungume Mama muna kuka muna dariya, tana ta faɗin "Alhamdulillahi" har muryarta ta dushe. Wani irin nauyi ya sauka daga ƙirjina, sai a lokacin na ji ƙaurin miyar da na bari a wuta.

Da hankalinmu ya dawo, Mama ta sa gilashinta ta sake duba gurup ɗin. Tuni wata ta rubuta cewa tsohon bidiyo ne na wani tabki daban. Mama ta ja saƙonnin sama har inda aka fara turo shi.

Sunan Zuhura ne a wurin.

"Bar ta," in ji Mama. "Ɗora wata miyar."

Gab da magariba muka ji su a matakala. Baba ne a gaba, fuska a ɗaure, gindin wandonsa duk laka. Latif na biye da shi ɗauke da kula, kansa a sunkuye.

Na riƙe hannun Baba na kasa saki.

"Ke, sake ni, ba lahira na dawo ba."

Ya zauna, ya nuna wa Latif ƙasa. "Zauna nan."

Latif ya zauna.

Sai ga Zuhura ta turo ƙofa da mayafi a ka, wai ta zo jaje. Tana ganinsu ta tsaya cak.

"Shigo, 'yata," in ji Baba. "Budurwar nan ta hoto tana gaishe ki. Ita ta dafa mana shinkafa da wake a jirgi. Kamarsu ɗaya da yayanta, har wushiryar."

"Baba, ni ma turo mini aka..."

"Allah ya shirye ki. Ja mana ƙofar."

Ta fita ba ta ko waiwayo ba.

Baba ya juyo wurin Mama. "Hajiya, kin san abin da yaron nan ya yi mini yau? Na shiga jirgi ina ta addu'a, na ce ko sandar fatsa ba zan taɓa ba. Ya lallaɓa ni har na karɓa. Ban daɗe da jefawa ba sai ga kifi ya kama. Faik suke ce masa. Hajiya, na gan shi da idona, ya kai tsawon hannuna har kafaɗa! Rabona da jin kifi yana ja tun ina saurayi. Ina cikin fama da shi, yaron nan ya dubi sama ya ce mu tafi."

"Baba, hadarin ne..." Latif ya fara.

"Yi shiru! Na ce ya ba ni ɗan lokaci, ya ce a'a. Na daka masa tsawa a gaban mutane, na ce in ya taɓa igiyar nan ya manta da Nafissa." Baba ya girgiza kai. "Ya zaro wuƙa ya yanke ta. Ya ce, 'Baba, ka yafe mini, akwai yara a jirgi.'"

Baba ya ci gaba.

"Muna taka ƙasa guguwar ta sauko. Bishiyoyi har kwanciya suke yi."

Muryarsa ta sauya. Ya cire hularsa ya ajiye a gwiwa.

"Ina da ƙane, Habibou. Tare muke su a Kwara. Wata rana hadari ya haɗo, kowa ya juya kwalekwale, shi ya ce sai ya janyo tarunsa, don ya cika da kifi. Ruwa ya tafi da shi, ya bar amarya da ciki." Ya share ido da bayan hannu. "Tun ranar na ɗauka duk mutumin ruwa haka yake, ba ya iya sakin abin da ya kama."

Ban taɓa jin labarin nan ba. Hawaye suka sake zubo mini.

"Latif."

"Na'am, Baba."

"Ka ce wa kawunka ya dawo."

Latif ya ɗago da sauri, bakinsa a buɗe. Mama ta rangaɗa guɗa har sai da maƙwabta suka buga bango. Ni kuwa na ruga kicin na ɓoye fuskata a mayafi.

"Amma da sharaɗi!" na jiyo Baba yana faɗi. "Kafin a ɗaura, sai ka mayar da ni tabkin nan. Kifina yana can da ƙugiyata a baki!"

An ɗaura aurenmu kafin ganye ya fara zuba, a masallacinmu na Mount Hope. 'Yan Nijar da 'yan Ghana suka cika titi, aka ci wolai gasasshe har aka bar saura.

Sati na zagayowa Latif ya kai ni tabkin, mu biyu kawai. Ruwan ya kwanta luf, ba ko iska. Ya ɗaura mini rigar ceto da kansa, ya ja igiyoyinta ya tabbatar, sannan ya miƙo mini hannu daga cikin jirgi.

"Kina tsoro, amaryata?"

Na dubi ruwan, na dube shi.

"Sosai ma," na ce, na kama hannunsa na shiga.