Ramin da ke Zuciyar Zulaihat

Ranar kasuwar Shinkafi Bilyaminu direba ya fara ganin Zulaihat. Ɗan takun da ta yi zuwa motarsa ya sa ta haki, sai ya ba ta gidan gaba. Kafin su isa Ƙaura, fasinjoji sun gaji da tuna masa ya kalli hanya.

Soyayya ta yi nisa, har aka je gwajin kafin aure. Nas ta saurari ƙirjin Zulaihat, ta daɗe ba ta ɗago ba. Hoto ya nuna rami a zuciyarta.

Mahaifiyar Bilyaminu, Inna Kulsumu, ta ce a fasa. "Ba ka auren wagga yarinya. Na san ciwon ga."

Saƙon Zulaihat ya shigo: "Masoyina, bi maganar Inna. Na yahe maka."

Hawaye suka cika masa ido. Ya rubuta: "Fasinjata, ban taɓa sauke mutum tsakiyar daji ba."

Da magiya ya kai Inna gaban likita, Zulaihat na gefe.

"Zuciyar ɗan tayi siririya take farawa, kamar tsinke," in ji likita. "Sai ta lanƙwashe, katangu su raba ta ɗaki huɗu. A ta Zulaihat, katanga ɗaya ba ta gama rufewa ba. Tun farkon ciki ke nan, wata uwar ma ba ta san tana da shi ba. Ana iya aiki, amma haihuwa sai da kulawa sosai."

Inna ta dubi likita. "Ashe ba ɗaukar dammen dawa da tsohon ciki ka kawo shi ba?"

"Ko kusa, Inna."

Sai ta fashe da kuka. Ashe 'yarta ta fari, Salma, ta rasu tana jaririya a goye, leɓɓanta sun yi shuɗi, dangin miji a Zurmi suka ɗora wa dammen dawa laifi. Bilyaminu bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Tausayinta ya kama shi.

Bayan girbi aka ɗaura aure. Da aka kawo amarya, Inna ta riƙe hannunta ta daɗe tana kallon lallen.

"Tawa ba ta kai ga lalle ba," ta ce. "Ke kin kai, ɗiyata. Allah shi yi muku albarka."