Siririyar Muryar Nan

"Wace ce ita?!"

Auta ta dangwarar da wayarta kan teburin haɗa sauti, ko sallama babu. Injiniya, wanda bikinsu ya kusa, ya zare abin sauraro daga kunnensa.

"Wa kuma, rabin raina?"

"Ni kar ka yi min daɗin baki! Saurara!"

Ta danna saƙon da baƙuwar lamba ta turo mata. Wata siririyar muryar mace ta fito: "Ki fasa auren nan. Yana da wata... Ki yi zamanki a gidanku."

Ita dai Auta ba ta raina abin zargi. Tun jiya ta jera mawaƙa matan da ke shigowa ɗakin nan a ranta, kowacce ta yanke mata hukunci. Yanzu kuma yadda ya ƙura wa wayar ido sam bai kwanta mata ba.

"Turo min," ya ce.

"Don ka goge?"

"Don in wanke kaina. Ji yadda numfashin ke fita... Muryar nan ɗaga ta aka yi."

"Ai kai za ka sani, sana'arka ce!"

Ya zuba saƙon a kwamfuta, ya riƙa sauke muryar a hankali. Ta yi ta kauri, ta yi ta tsufa. Sai ga ɗan tarin nan a ƙarshen magana, tarin da take kai wa ruwan ɗumi kullum tun rasuwar Mama.

Auta ta ɗauke wayarta daga kan teburin.

"Baba..."

Ashe manhajar canza murya da jikokinsa ke wasa da ita ya koya, ya turo ta tsohon layinsa da ta daɗe da goge lambarsa.

Da ta koma gida, a falo ta same shi, shi kaɗai, yana laluben kwalbar maganinsa. Duk fushin da ta ɗauko ya narke, tausayi ya cika ta. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, me ya hana ka faɗa min da muryarka?"

Ya bar laluben kwalbar, ya dube ta.

"Da muryata na ba shi ke, Auta. Da wane baki kuma zan ce ki zauna?"

Ta fashe da kuka.

Daga bakin ƙofa Injiniya, wanda ya biyo bayanta, ya yi sallama, ya rusuna.

"Baba, ka yafe mana, mu ne ba mu faɗa da wuri ba. Ɗakin da ya fi shan iska a gidan da za mu zauna, dama naka ne."

Baba ya buɗe baki, tari ya riga shi. Auta ta share hawaye, ta tashi ɗora ruwa.