Kawunan Kufan Dargaza

Liman na tsakiyar huɗuba lokacin da wata farar mota Fijo ta tsaya a bakin shingen waya. Faruku bai kashe inji ba. Bawa ya buɗe ƙofar baya ya dira, Dogo ya bi shi, kowannensu da bindiga a ƙarƙashin riga.

Layin babu kowa. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a a farkon shekara, ranar Juma'a da azahar ko mai shayi a Ƙaura Namoda kife tukunyarsa yake ya nufi masallaci. Mutum ɗaya ne ya rage a bayan tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, shi ne Terna, mai gadin ɗakin da hukuma ke ajiye kayan tarihin da aka ƙwato daga hannun masu haƙar kufai. Kirista ne, don haka gadin Juma'a kullum nasa ne.

Yana kan benci yana ɓare gyaɗa. Ya ɗaga kai, ya ga bakin bindiga.

"Makulli," in ji Bawa.

Terna bai yi gardama ba. Ya durƙusa, ya miƙa makulli, ya ɗora hannuwa a ka. Dogo ya buɗe kwaɗo suka shiga. Kwali na farko ya fito. Na biyu. Na uku. Kawuna ne na gasasshen yumɓu a ciki, an nannaɗe su da buhu, masu kaurin gira da doguwar haɓa, irin waɗanda suka kwanta a ƙasa tun ba a san sunan Zamfara ba. Faruku na kallo ta madubi ana cusa su a but ɗin mota da kujerar baya. Ya ƙara jan hularsa ƙasa. Saura kwali ɗaya a gama lafiya.

Sai Terna ya ɗago. Idonsa ya sauka a gilashin motar.

"Direba?" ya ce. "Kai ne?"

Sau uku Faruku ya zauna a wannan bencin cikin mako biyu, da sunan ɗan tasi mai jiran fasinja. Sun ci gyaɗa tare. Terna ya ba shi labarin shekara sha biyar da ya yi a Ƙaura, da na matarsa Juliet mai ɗinki a kasuwa, kuma a cikin hirar ya faɗi wa ke gadi da yaushe.

Bawa ya juyo a hankali. "Wanga ya san ka?"

Faruku bai kai ga buɗe baki ba. Tau! Bawa ya harba, Terna ya dunƙule ya riƙe ciki, gyaɗar ta watse a ƙasa.

"Mi kaka jira? Ja mu tahi!" in ji Bawa.

Motar ta fizga. Faruku na tuƙi. Ba haka ya tsara ba.

Shekara guda da wata huɗu ke nan yana ja wa Bawa mota, kuma duk ranar da ya kunna ta abu ɗaya ne a ransa. Kusa da Gurbin Bore akwai wani mataccen gari da ake kira Kufan Dargaza. Ba abin da ya rage a cikinsa sai tudun ganuwa, kukoki da tsofaffin kaburbura. Babu waya, babu allon gwamnati, babu mai gadi. Gidansu Faruku ke lura da wurin tun kaka da kakanni, su nome ciyawa, su hana shanu bi ta kan kushewa. Yayansa Musa ne ya gaji wannan aiki. Da labari ya bazu cewa wani attajiri a ƙetaren iyaka na sayen kawunan yumɓu yana tura wa Turawa, Bawa ya zo da mahaƙa sha biyu da bindigogi biyu. Cikin kwana uku kufan ya koma ramuka. Ƙasusuwan da suka tono gefe suke watsarwa, karnuka na ja. Musa ya sauka cikin ramin da ake haƙa ya tsaya, ya ce sai dai a haƙa ta kansa. Bawa ya karɓi diga daga hannun wani mahaƙi ya sauke masa a tsakar ka. Matar Musa, Azumi, tana gona tana kallo.

Faruku na Legas yana tuƙin bas a lokacin. Ko jana'iza bai samu ba. Da ya iso gida ya saurari Azumi har ta gama, bai yi kuka ba, bai kuma koma Legas ba. Wata takwas ya yi yana bin tasha-tasha kafin ya iske wanda ya kai shi gaban Bawa. Ya ce shi mutumin Galadi ne, an kore shi daga aiki, kuma babu hanyar daji tsakanin Zurmi da iyaka da bai sani ba. Wannan na ƙarshen gaskiya ne. Kawunan da aka haƙo a Dargaza kuwa an kama su a wani shingen bincike kafin su ƙetara, aka kawo su Ƙaura. Bawa bai taɓa haƙura da su ba.

Ranar Laraba Faruku ya sami wani ɗan sanda, Saje Ismail, a bayan tasha. Ya gaya masa ranar Juma'a bayan an sauko, farar Fijo za ta bi hanyar Zurmi, a jira ta a ƙaramar gada. Saje ya matsa masa ya faɗi inda za a yi fashin don a tsare wurin. Faruku ya ƙi. In aka tare su a ƙofa kafin su taɓa komai, shekara biyu Bawa zai yi ya fito. Shi so yake a kama shi da kaya a mota da bindiga a hannu, yadda babu alƙalin da zai sassauta masa.

Sun iso mararraba. Faruku ya kunna sigina zai yi hanyar Zurmi, sai ya ji sanyin ƙarfe a wuyansa.

"Ba Zurmi ba. Shinkahi."

Faruku ya ce ai an gama magana, ta Zurmi za a bi a faɗa daji a ƙetare kafin la'asar.

"Na canza," in ji Bawa. "Tunda mai gadi ya san huskarka, ban san wa kuma ya san ta ba. In munka ƙetare lahiya, ni da kai muna da magana."

Dogo, da ke kujerar gaba, ya yi dariya ya tofa miyau ta taga.

Can a hanyar Zurmi, Saje Ismail na tsugune a bayan gada da mutanensa shida, hadari na haɗuwa a kansu. Motar gyaɗa ta wuce. Mai babur ya wuce. Sai rediyon oba-oba ya yi ƙara: an harbi mai gadi a Ƙaura, an ga farar Fijo ta yi arewa. Saje ya buga hularsa a ƙasa, ya ce kowa ya hau mota.

Ruwa ya tsuge. Faruku na tuƙi yana lissafin abin da ya rage masa. 'Yan sanda suna wata hanya. Bindigarsa Bawa ya karɓe tun da safe, ya ce direba ba ya buƙata. In suka ƙetare iyaka, maganar da Bawa ke nufi a daji za a yi ta, kuma mutum ɗaya ne zai dawo.

Ya san hanyar nan. Gaba kaɗan akwai kwalbati marar ƙarfen gefe a kan wani rafi mai zurfi, kuma kwana biyu ke nan ana ruwa a tudu. Ya taka mai. Allurar gudu ta haura.

"Rage wuta, direba," in ji Dogo. "Kai, rage—"

Faruku ya murɗe sitiyari gaba ɗaya.

Motar ta tashi. Ƙasa ta koma sama. Gilashi, kwali, ƙarfe, ihun Dogo — sannan ruwa.

Da ya dawo hayyacinsa, Fijo na kwance a gefenta cikin rafi, hancinta a laka. Dogo babu shi. Ya fita ta gilashin gaba, ruwa ya tafi da shi. Bindigar Dogo na maƙale a ƙarƙashin kujera. Faruku ya janyo ta da hannun dama, domin na hagu ya karye, ya fito ta taga ya rarrafa zuwa gaɓa.

Bawa na ciki. Kujerar gaba ta danne masa ƙafa, kwalaye sun zube a kansa, tasa bindigar ta nutse. Ruwa na ƙugunsa.

"Direba, taho ka ɗaga kujerar ga. Yi maza."

Faruku ya zauna a kan dutse, jini na bin fuskarsa. "Ka san Musa?"

"Wane Musa?"

Wannan tambayar ta fi karayar hannun zafi. Shekara biyu yana kwana yana tashi da sunan, wanda ya kashe shi kuwa bai ma san da shi ba.

"Na Kufan Dargaza. Wanda yat tsaya cikin rami. Uwa ɗaya uba ɗaya muke."

Bawa ya zura masa ido. Ruwa ya kai cibiya. Sai ya fara magana da sauri. Ya ce tsautsayi ne, bai yi niyyar kisa ba. Ya ce a raba kaya biyu. Ya ce Faruku ya ɗauke duka. Da ya ga babu motsi sai ya sauya murya, ya ce yayan nasa wawa ne, ya mutu saboda gumaka a ƙasar da yau malamai ke cewa a farfasa su.

"Ba don gumaka yam mutu ba," in ji Faruku. "Kakanninmu na ka ba karnuka."

Manoman da suka fake wa ruwa a wata bukka sun ji ƙarar faɗuwar. Suka sheƙo da gudu, su bakwai, da igiya da gatari. Na gaba ya riga ya sa ƙafa a ruwa.

Tau! Faruku ya harba sama.

Suka ja da baya. Ya miƙe tsakaninsu da rafin, bindiga a hannu ɗaya, ya ce duk wanda ya taka ruwan nan zai riga na cikin mota mutuwa. Wani dattijo a cikinsu ya matso taku biyu, hannuwansa a buɗe.

"Ɗana, rai na. Ko mi ya yi maka, bari mu hidda shi a kai shi ga alƙali. Yanzu akwai Shari'a."

Faruku bai sauke bindigar ba.

Ruwa ya kai ƙirji. Bawa ya roƙi manoman. Ya roƙi Faruku da girman Allah, da darajar iyayensa. Ya zage shi. Ya sake roƙo. Ruwa ya kai wuya, ya ɗaga haɓa sama yana haki, yana ja da ƙafar da ta ƙi fita. Wasu daga cikin manoman suka juya baya. Dattijon ya tsaya yana karanta masa kalmar shahada da ƙarfi, ko zai maimaita. Faruku bai ɗauke ido ba ko sau ɗaya. Ya kalla har ruwa ya rufe tagar, ya ci gaba da kallo har kumfa ta daina tasowa.

Sannan ya ajiye bindigar a kan dutse ya zauna gefenta. A nan Saje Ismail ya same shi da la'asar. Saje ya dube shi, ya dubi rafin, ya ce da ya faɗa masa wurin tun Laraba, da duk wannan bai faru ba. Ya sa masa ankwa a hannun da bai karye ba.

Gawar Dogo sai washegari aka tsince ta a cikin wata fadama. Kawuna sha huɗu ne a kwalayen. Uku aka samu da ransu, sauran sun farfashe, ruwa ya watsa su cikin yashi. Kafin kaka ta wuce wasu mahaƙan sun sake shiga Kufan Dargaza, kuma wannan karon babu wanda ya tsaya musu. Terna ya kwana biyu a asibiti a Gusau, ya cika ranar Lahadi da safe.

Ana saura mako guda a fara shari'a, gandiroba ya kira Faruku ya ce yana da baƙuwa. Ya zaci Azumi ce. Sai ya ga wata mata doguwa cikin baƙaƙen kaya, Saje Ismail na tsaye a bayanta. Ta ce ita ce Juliet, matar Terna. Hausarta tas, irin ta wanda ya daɗe a kasuwar Ƙaura. Ta ce ta kai mijinta gida Binuwai an binne, ta dawo. Ta ce Saje ya ba ta labarin Musa, ta ji, kuma ba wannan ya kawo ta ba. Tambaya biyu gare ta.

"Wa ya zaɓi ranar Juma'a?"

Faruku ya dubi ƙasa. Bawa ya mutu, Dogo ya mutu, babu mai ƙaryata shi a duniya.

"Ni ne."

"Ka san shi kaɗai zai kasance a wurin?"

"Na sani."

Ta daɗe tana kallonsa ta tsakanin ƙarafa. Ba ta yi kuka ba.

"Na so ka ce Bawa ne," ta ce. "Shi ya riga ya mutu. Da na huta."

Ta gyara ɗaurin zanenta ta fita. Ranar da aka buɗe shari'a tana zaune a benci na gaba, daidai inda zai gan ta in ya ɗaga kai. Wata sha ɗaya aka yi ana ɗage zama ana dawowa, ba ta taɓa fashi ba ko sau ɗaya.