Harshe Huɗu, Zuciya Ɗaya

A bakin kogin Matan Fada Zayyanu ya fara jin muryarta. Ofishinsu ne ya turo shi Argungu ya ɗauki hotunan da za a sa a shafin intanet na jiha. Ita kuma tana tsaye cikin wasu baƙi daga Kwatano, tana juya musu maganar masunta zuwa Faransanci.

Da ta ga katin aikin da ke wuyansa, sai ta matso.

"Malam, ku ne masu shafin nan? Baƙin nan sun so sayen albasa, amma shafinku Turanci kaɗai ya sani. Manomin Augie bai karanta shi, ɗan kasuwar Benin ma haka. Wa kuke kira ke nan?"

Kunya ta kama shi, amma ya kasa ɗauke idonsa. Sunanta Adesewa, 'yar Alhaji Dele mai shagon atamfa, haifaffiyar Birnin Kebbi.

Zayyanu ya yi ta naci har shugabansa ya yarda a ƙara Hausa, Faransanci da Yarbanci, aka ɗauki Adesewa aikin fassara. Kafin aikin ya ƙare, zukatansu sun gama nasu.

Da maganar aurensu ta kai garinsu Gulma, Malam Usmanu, mahaifin Zayyanu, ya girgiza kai.

"Ba ni ƙin kowa, amma baƙuwa ba ta riƙe gida irin namu. Ranar da ta gaji, Kudu za ta koma."

Alhaji Dele kuma ya riga ya sa ido a kan Tobi, ɗan amininsa, ya zama mijin 'yarsa. Rannan Zayyanu ya hango Tobi ya sauke Adesewa a mota, sai kishi ya sa Zayyanu ya wuce bai gaishe ta ba. Da la'asar saƙonta ya shigo:

"Zayyanuna, na faɗa wa Tobi gaskiya, ya haƙura. Amma ba zan shiga gidan da uba bai sa albarka ba. In Malam bai yarda ba, mu bar wa Allah."

Ya amsa: "Sewata, yafe mini zargin da na yi. Zan jira ki ko shekara nawa ne."

Suka daina haɗuwa. Damina ta wuce, Zayyanu ya rame.

Lokacin cirar albasa, wani attajiri daga Kwatano ya ga sunan ƙungiyar manoman Gulma a shafin Faransanci, ya zo da tafinta. Tafintar ta durƙusa har ƙasa ta gai da Malam Usmanu, shugaban ƙungiyar, ta wuni tana isar da maganarsa ba ragi ba ƙari. Da azahar ta nemi ruwan alwala.

Dattijon ya dubi ɗansa da ke tsaye a gefensa. "Wagga ɗiyar wa ce, mai hankali haka?"

Zayyanu ya sunkuyar da kai. "Baba, ita ce."

Malam ya ce, "Na yanke hukunci a kan abin da ban gani ba. Gobe ka kai ni wurin ubanta."

Alhaji Dele ya amince, aka ɗaura aure a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi bayan sallar Juma'a. Alhaji Dele ya kama hannun Malam, ya ce:

"Ita kaɗai gare ni mace. Amana ce."

"Ɗiyata ce daga yau," in ji Malam. "Allah Ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Jama'a suka ɗaga hannu, suka ce amin.