Shekarar da Iska Ta Saɓa Alkawari

Da sanyin safiyar Juma'a aka bugo wa Sufeto Shemdoe waya cewa an tsinci gawa a bakin teku, can bayan unguwar masunta ta Sahare. Ko shayinsa bai ƙarasa ba ya ɗauki hula ya fita, Saje Mwajabu tana biye da shi.

Garin Tanga a jiƙe ya kwana. Jiya da rana aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuma a watan Fabrairu, watan da ko yaron goye ya san ba a ruwa. Amma shekarar nan ta riga ta koya wa mutane su daina rantsuwa da sama.

Mamacin tsoho ne, yana kwance rigingine kusa da wani kwalekwale da yake gyarawa. Ƙeyarsa ta fashe a kan dutsen da ake ɗaure jirgi. Masunta sun yi cirko-cirko daga nesa, babu wanda ya matso, babu wanda ya kawo ko tsumman da za a rufe masa fuska. Wannan ya sosa wa Shemdoe rai fiye da jinin, domin a Tanga ko baƙo ne ya mutu, unguwa ce take tashi.

"Wane ne?" ya tambayi wani masunci mai suna Sefu.

"Nahoda Kibwana ne, Yallabai, babban matuƙin jirginmu."

"Ba shi da kowa ne?"

"Da can kowa nasa ne. Shekara arba'in ba a tura jirgi ruwa sai ya dubi sama ya ce a tura. Bara ya ce wa Sudi ɗan Hatibu ya ƙetare zuwa tsibirin Pemba, wai kusi ba za ta taso ba sai Afrilu. Ta taso farkon Maris. Ko hular yaron ba a samu ba."

Kusi ita ce iskar kudu, wadda in ta juyo, ƙaramin jirgi sai dai ya nemi tudu.

"Wa ya shaida cewa shi ya ce a tafi?"

"Bakinsa. Ranar zaman makoki uwar yaron ta yi kururuwa tana tambayar wanda ya tura mata ɗa. Ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi ne. Tun daga ranar ko sallamarsa ba a amsawa. Har ma ya zare, kowane wata sai ya tafi ofishin masu duba yanayi, ko me yake nema oho."

Da aka ɗaga gawar, Shemdoe ya durƙusa ya taɓa ƙasa. Duk rairayin wurin jiƙe yake, amma inda tsohon ya kwanta a bushe yake ƙayau.

"Ya faɗi tun kafin a yi ruwan ke nan," in ji Mwajabu.

Shemdoe ya gyaɗa kai. Idonsa na kan wani faranti a gindin kwalekwalen: butar gahawa, alawar kwakwa da ruwa ya narkar, da ƙananan kofuna biyu cike da ruwan sama.

"Sefu, ka ce babu mai amsa masa sallama. To wa yake shan gahawa da shi?"

Sefu ya buɗe hannuwa. "Sai dai ko aljanin teku, Yallabai."

Tun daga bakin lungun gidan Hatibu wari ya tare su. A tsakar gida an baza dagaa a kan tabarmi, ƙananan kifin nan da ake shanyawa, sun jiƙe sun ruɓe, ƙudaje sun yi musu baƙi ƙirin.

Hatibu dogon tsoho ne da baƙin ciki ya tanƙwara. Matarsa, Bi Mwantumu, ita ce ta yi magana tun kafin a tambaye ta.

"Mun ji. Ba zan yi muku kukan ƙarya ba, ɗana. Wanda ya ba teku ɗana, ba ni da hawayen da zan ba shi."

"Allah ya ji ƙan Sudi, Mama. Jiya da rana ina kuke?"

"Nan gida, ni da shi, tun hantsi har dare."

"Haka ne, Baba?"

Hatibu bai ɗago ba. "Haka ne. Ina gindin mangwaron can ina ɗinkin taru."

"Yaushe rabonka da Kibwana?"

"Tun makoki. Abokina ne tun muna tsirara a bakin ruwa, amma abin da ya faru ya faru."

Muryarsa ta karye a kan kalmar aboki. Shemdoe ya lura. Ya yi musu sallama, ya sake kallon tabarmin kifin, suka fita.

Ofishin kula da yanayi ɗaki biyu ne da wani fili da aka kewaye da waya, inda ma'aunin ruwan sama yake. Jami'ar wurin, Bi Neema, da ta ji abin da ya kawo su sai ta zauna a kujera ta dafe kai.

"Wayyo Baba Kibwana! Jiya da ruwan nan ya sauko, shi na fara tunawa. Na ce gobe zai zo ya tambaye ni."

"Yaushe ruwan ya fara?"

"Bayan azahar kaɗan, bai ɗauke ba sai wajen la'asar. Abin da ya zuba jiya kaɗai ya ninka abin da Fabrairu ta saba samu gaba ɗayanta."

"Me yake zuwa tambaya?"

Ta nuna musu wani zane a bango mai layi biyu, baƙi da ja.

"Baƙin nan shi ne abin da Tanga ta saba gani, matsakaicin shekara talatin. Jan kuwa wata goma sha biyun da suka wuce ne. Duba yadda suka rabu. Kusi ta riga lokacinta da kusan wata guda. Afrilu da Mayu, da ya kamata ruwa ya cika gari, ko rabin na kullum ba a samu ba. Oktoba da Nuwamba, da aka saba ɗan yayyafi mai daɗi, sai ga ambaliya. Zafi kuwa babu watan da bai ɗara na da ba, har ruwan tekun ma. Duk ƙarshen wata sai ya zo ya tsaya nan, ya ce, 'Yata, wannan watan ma ya saɓa?' In ce ya saɓa, Baba. Sai ya ce, 'To, ba mu ne muka manta ba, iskar ce ta canza.'"

Shemdoe ya daɗe yana kallon jan layin. Mahaifinsa manomi ne a kan tudun Lushoto, kuma bana sau biyu ya yi shuka, sau biyu ta ƙone.

"Bayan hatsarin ya fara zuwa ke nan?"

"A'a, kafin. Ƙarshen Fabrairun bara ya fara zuwa. Ya ce ruwan teku ya yi ɗumi fiye da kima, hankalinsa bai kwanta ba. Na ce mu ma abin da muke gani ke nan, iska na iya juyowa da wuri. Ko ruwa bai tsaya sha ba, ya fita da sauri wai zai hana wani yaro ƙetarewa Pemba."

Mwajabu ta ajiye biro. "Hanawa, ko turawa?"

"Hanawa. Da kunnena na ji."

Suka shiga mota suka wuce kasuwa. Can Mwajabu ta ce, "Yallabai, mutum ya hana, sannan ya miƙe a gaban jama'a ya ce shi ya tura?"

"Wani yake rufa wa asiri," in ji Shemdoe. "Ki tambayi kanki, maganar wa saurayi zai bi ya bar ta nahoda."

Da suka koma, Hatibu yana zaune inda suka bar shi. Bi Mwantumu ta fito daga kicin ta tsaya a bakin ƙofa.

"Baba, shekara nawa kana shanya dagaa?"

"Tun ba a haife ka ba."

"Ka taɓa zama a gindin mangwaro kana kallo ruwa ya dake ta daga azahar zuwa la'asar?"

Hatibu ya ci gaba da ɗinkin tarunsa.

"Mama, ke fa? Kina gida, taku uku tsakaninki da tabarma, kika bar abincinku ya ruɓe?"

Ta haɗe rai. "Barci ya ɗauke mu."

"A ƙarƙashin rufin kwano? Mama, ruwan jiya ko kurma ya ji shi. Babu kowa a gidan nan. An baza kifi an fita hankali kwance, don Fabrairu ce, ba a ruwa."

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Bi Mwantumu ta gyara ɗaurin zaninta ta ɗaga kai.

"To na je Pangani gaisuwar mutuwa, sai magariba na dawo. Na tarar da shi jiƙe sharkaf yana rawar jiki, ban tambaye shi ba, kuma ba zan tambaya ba. In ma shi ne, uba ne ya rama wa ɗansa. Ku rubuta haka."

Shemdoe ya ji tausayinta ya kama shi, domin ya san abin da zai biyo baya. Ya so a ce wani ne zai faɗa ba shi ba. Ya juya ga tsohon ya sassauta murya.

"Baba, kofi biyu na gani. Na kuma je ofishin yanayi. Kibwana hana Sudi ya yi. Za ka gaya mata, ko ni zan gaya mata?"

Tarun ya zame daga hannun Hatibu. Da ya buɗe baki, ba Sufeto yake kallo ba, ƙasa yake kallo.

"Ya zo har nan, kina kasuwa. Ya ce kada yaron ya tafi, teku ba ta yi masa kyau ba. Sudi ya yarda, har ya fara sauke kaya. Ni ne na yi dariya. Na ce shekara arba'in ina ƙetarewa a Maris, kusi ba ta taɓa zuwa kafin Afrilu ba. Na ce masa in tsoro yake ji ya ba ni jirgin, ya zauna gida ya taya uwarsa tankaɗe. Shi ne ya mayar da kayan."

Bi Mwantumu ta kama ƙyauren ƙofa.

"Ranar makoki da kika yi tambayar, harshena ya mutu. Kibwana ya dube ni, ya dube ki, ya miƙe. Daga baya ya ce mini kin rasa ɗa, ba zai bari ki rasa miji a rana ɗaya ba. Duk Alhamis nake zagayawa ta bayan gari in same shi mu sha gahawa. Ni kaɗai nake masa magana a duniyar nan, ni ɗin ma a ɓoye."

"Jiya fa?" in ji Shemdoe.

"Jiya ya ce ya gaji. Ya ce, 'Hatibu, na tsufa. Ba zagin ke damuna ba, tsoro nake in mutu a rasa mai ɗaukar makarata. Sadakar shekarar Sudi ta kusa, ka gaya mata kafin nan.' Na roƙe shi, ya ce in ban iya ba shi zai zo ya faɗa. Ya miƙe, na riƙe masa riga, ya fizge, na ture shi. Turawa ɗaya, Yallabai, wallahi ɗaya. Ina tsaye a kansa ina kiran sunansa sai ga ruwa. Na ɗaga kai na ce, a Fabrairu?"

Ya fashe da kuka irin na tsofaffi, wanda ba shi da ƙara.

Mwajabu ta ciro ankwa. Shemdoe ya girgiza mata kai, ya kama hannun tsohon da kansa ya tashe shi. Hatibu ya tsaya a gaban matarsa.

"Mwantumu..."

Ba ta dube shi ba. Idonta a bushe yake, kuma wannan ya fi kukan ciwo. Ta shiga ɗaki ta fito da mayafi, ta tsaya a gaban Sufeto.

"Ɗana, yaushe za ku ba da gawar?"

"In likita ya gama, Mama. Gobe da safe, in Allah ya so."

"Wa zai karɓa?"

"Har yanzu babu wanda ya zo."

Ta yafa mayafin.

"Shekara guda ina bi gida-gida ina cewa duk wanda ya amsa masa sallama ba ni ba shi. Yanzu zan sake bi. Kada ku ba hukuma ta binne shi. Akwai masu ɗauka."

Ta wuce ta gefen tabarmin kifin ta fita, ta nufi bakin teku inda masunta suke.

Suka sa Hatibu a bayan mota. Kafin Mwajabu ta tayar, ɗigon farko ya faɗo a kan gilashi, sai na biyu. Tsohon ya leƙa sama ta taga.

"Da Kibwana yana nan, da ya ce mini za a yi," ya faɗa a hankali. "Jiya yana zuba gahawa ya ce in koma gida in kwashe kifina. Na yi masa dariya."