Hannun Da Ya Ƙi Warkewa

Ina tsoron hannayen budurwata, duk da cewa su ne suka fara sace mini zuciya.

Mahaifinta maɗori ne. Da tsufa ya sa yatsunsa rawa, sai ya zaunar da ita a zaure, shi yana tofi, ita tana jan ƙashi tana ɗaure karare. Ni kuwa hoton ƙashi nake ɗauka a asibiti, kuma an riga an kai gaisuwata gidansu.

Sai wani direba ya samu karaya a hannu. Dogo ne, mai fara'ar da ta wuce kima. Ita ta ɗora shi, ni na ɗauki hoton daga baya, na ga ƙashin ya haɗe sarai. Amma kullum yana zauren!

Gwaggona ba ta yi shawara da ni ba, ta tafi wurin mai duba. Da ta dawo sai ta ce mini:

"Ya buga ƙasa, ya ce akwai dogon namiji tsaye a ƙofarta."

"Gwaggo, wannan ai ko makaho ya gani."

"To, sarkin boko, ungo layar nan ka binne a bakin zauren, kafin a yi maka sakiyar da ba ruwa."

Na karɓa. Kunya ta hana ni binnewa, kishi ya hana ni yarwa.

Da la'asar na je zauren, na same su ana yi wa wani magini ɗori. Direban ya rungume kafaɗun mutumin ta baya, ita tana jan hannun, goshinsu ya kusa haɗuwa. Da ƙashin ya zauna sai suka yi dariya tare... tare!

Na jira ta fito wanke hannu.

"Hannunsa ya warke. Ni na ga hoton."

"Na sani, masoyina."

"Kin sani? To, me yake nema?"

"Ni yake nema," ta ce, ko idonta bai ƙifta ba. "Ya faɗa, na ce masa an riga shi."

"Amma ba ki kore shi ba!"

"Ɗori ba ya yiwuwa sai da mai riƙo. Baba ba shi da ƙarfi, ba ni da ɗan'uwa namiji. In na kore shi, wa zai danne mini mai karaya? Kai da ko takalminka ba ka taɓa cirewa a zauren nan ba?"

Layar ta yi mini nauyi a aljihu. Na ciro ta na jefa cikin kwatar da take wanke hannu, na tuɓe takalmina, na shiga na durƙusa gaban tsohon. Na ɗaga murya yadda direban zai ji.

"Baba, daga yau duk la'asar ni ne mai riƙo a zauren nan. Malam direba kuma, Allah ya ƙara sauƙi, an sallame shi!"