Tururuwan Usumanu

"Lai'atu, tururuwa na yawo a ƙafafuna."

Saura kaɗan ludayin ya suɓuce mata. Ta dubi ƙafafun mijinta, wankakku tas, ko ƙuda babu. Sau biyu ana kwantar da Usumanu a sashen masu taɓin hankali, kuma ranar sallama ta biyu Babanta ya rantse a tsakar gidansu na unguwar Ali Kazaure: in ya sake kwanciya asibiti, aure ya ƙare.

Sai ta ja bakinta ta tsuke. Wata uku tana ɓoye zancen, tana ba shi ƙwayoyinsa a kan lokaci, tana kuka a kicin, don tana son mijinta. Shi kuwa sai ramewa yake, ga ƙishirwa, a sanyin Jos mutum ya shanye jarkar ruwa! Ga wani gyambo a yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa.

"Ciwon ne ya motsa," in ji uwarsa, Inna Adama. "A yi masa hayaƙi."

Halinmu ke nan! Wanda aka taɓa kira mahaukaci, ko haƙori ya ce yana masa ciwo sai a ce haukar ce.

Wata safiya maƙwabciyarsu Ulonma, wadda nas ce, ta shigo ɗibar ruwa. Ta tsaya cak a bakin makewayi.

"Madam, ka ga tururuwa inda oga yake fitsari? Suga ne! Asibiti, yau-yau!"

Lai'atu ta tuna rantsuwar Baba, hawaye suka zubo mata. Gara aure ya mutu da mutum ya mutu. Ta yafa gyale, ta taro tasi.

Likita ya ce ciwon sukari ne, ya daɗe yana cin jijiyoyin ƙafar, shi ne yawon tururuwan. Yatsu biyu aka yanke.

Da Baba ya zo, Lai'atu ta durƙusa a gabansa. "Baba, ya koma asibitin..."

Tsohon ya daɗe yana kallon bandejin.

"Rantsuwata ce ta ci yatsun nan. Tashi, 'yar nan. Zan yi kaffara, ki riƙe mijinki."

Usumanu ya buɗe ido da ƙyar. "Ai na faɗa muku akwai tururuwa."

Ba wanda ya iya ɗago kai. Mai taɓin hankali ma jiki gare shi. In ya ce wayyo, a duba kafin a ce hauka.